Filat ɗin kansil a hawa na 9: amsa kan gobara, gas, fumfuna da ƙofar yayanki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa don ba abin da za a amsa da layi biyu ba ne. Kin ce kansil, wato ƙaramar hukuma, ta ba ku filat a hawa na 9 a wani dogon bene nan Ingila, ke da maigida da yara uku, ko wata biyu ba ku yi ba takardu sun fara zuwa, ɗaya ta ce ku kwashe takalma da keken jariri daga bakin ƙofa, ɗaya ta ce za a zo duba gas dole a samu mutum a gida, ga kuma allo kusa da lif da ya ce idan gobara ta tashi a wani filat ku zauna a naku, wanda kin ce shi ne ya hana ki barci. Sai baƙi-baƙin da ya fara fitowa a kusurwar ɗakin yara. Sannan yayanki da ya sayi nasa filat ɗin a hannun kansil yana so ya cire ƙofar da ya tarar ya sa ta ƙarfe irin ta gida.

Na daɗe ina aikin kula da irin waɗannan gidaje, na shiga filat ba adadi, kuma wallahi abin da ya fi damuna da mutanenmu ba rashin tsabta ba ne ba kuma sakaci ba, shiru ne. Abu ya lalace a ce a yi haƙuri, ai sun taimaka sun ba mu gida kar mu zama masu ƙorafi. Toh zan dawo kan wannan, bari in fara da allon da ya tsorata ki.

Irin benen da kike ciki an gina kowane filat ne kamar akwatin siminti mai zaman kansa. Bango da ƙasa da rufi an yi su yadda za su riƙe wuta a ciki na kusan awa ɗaya, ƙofar shiga filat kuma aƙalla minti 30. Dabarar ita ce idan wuta ta tashi a filat ɗaya, mutanen wannan filat su fita su ja ƙofa, wutar ta ci abin da za ta ci a ciki, 'yan kwana-kwana su hau su kashe ta, sauran mutane suna ɗakunansu. Ki yi tunanin mutum ɗari uku, da tsofaffi da masu goyo, sun ɗuro kan matattakala guda ɗaya cikin dare, hayaƙi na tasowa, su kuma 'yan kwana-kwana suna ƙoƙarin hawa da mesa ta wannan matattakalar dai. Shi ya sa aka ce a zauna. Kuma mafi yawan gobarar da ake yi a dogayen benaye haka take ƙarewa, a filat ɗin da ta fara.

Amma na san me ke ranki, gobarar benen Grenfell. Daren 14 ga Yuni 2017, bene mai hawa 24 a yammacin Landan, mutum 72 suka rasu, da yawansu Musulmi ne kuma cikin azumi aka yi abin. Wutar daga firji ta tashi a wani filat a hawa na 4, kuma da benen yana yadda aka gina shi tun asali da wataƙila a kicin ɗin za ta tsaya. Abin da ya faru shi ne an lulluɓe jikin benen ta waje da wasu falankai masu roba a tsakiya, wutar ta fita ta taga ta kama su ta haye sama cikin mintoci kaɗan, tana shiga gidajen mutane ta tagogi. Ana ta ce wa mutane a waya su zauna, ba a janye wannan umarni ba sai ƙarfe 2:47 na dare, lokacin matattakala ta riga ta cika da hayaƙi. Kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Martin Moore-Bick ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a Satumba 2024, kuma cikin abubuwan da aka gano har da cewa ƙofofin filat da yawa ƙarfen da ke rufe su da kansa ya lalace ko babu shi ma, mutum ya fito a guje ƙofa ta tsaya a buɗe, hayaƙi ya cika baranda. Kafin nan ma an yi ta Lakanal House a Camberwell a 2009, mutum 6 suka rasu, kuma ba a ɗauki darasin yadda ya kamata ba.

Don haka ga yadda ni nake faɗa wa mutane. Wannan allo shawara ce da ta dogara kan cewa benen lafiyarsa ƙalau, ba wai an kulle ki ba ne. Idan wutar a filat ɗinki take, ki kwashi yara ki fita, ki ja ƙofa ta rufu, ki bi matattakala kar ki shiga lif, sai kin sauka ki kira lambar gaggawa 999. Idan a wani filat ne kuma ba hayaƙi ba zafi a naki, zama ya fi, amma ki kira 999 ɗin dai kar ki ce ai wani ya kira, ki faɗa musu lambar filat da hawa da yawan mutanen da ke ciki. Da zarar hayaƙi ya fara shigo miki, ko kin ji zafi, ko kin ga wuta na bin jikin bene ta waje, ko 'yan kwana-kwana sun ce a fito, toh zance ya ƙare, fita za ki yi. In kin buɗe ƙofa kin ga baranda ta toshe da baƙin hayaƙi ba hanya, ki koma ki rufe, ku taru a ɗaki ɗaya mai taga, ki cusa tawul ko bargo a ƙasan ƙofa, ki ci gaba da magana da su a waya. Kuma ki sake karanta allon da kyau, don akwai benayen da aka sauya musu tsari saboda an gano matsala a jikinsu, su kowa fita yake da an ji ƙararrawa. Kina da haƙƙin ki tambayi kansil a rubuce wane tsari ne naku, da ko akwai irin waɗancan falankan a jikin benen.

Kin ga kenan duk maganar kan ƙofa ta tsaya. Ƙofar nan mai nauyi da yara ke kukan tana maƙale musu hannu, ita ce rabin tsaronku. Na sha shiga gida in tarar an kwance ƙarfen saman nan saboda wai tana bugawa da ƙarfi tana tada jariri, ko an sa takalmi an tokare ta don iska ta shigo. Dan Allah kar ki yi. In tana bugawa ki kira su, daidaita ta ake yi, aikin minti biyar ne. Akwai wani siririn abu a gefen ƙofar ko jikin firam ɗinta, idan ya ji zafi kumbura yake ya toshe duk wata kafa, kar a cire shi kar a shafe shi da fenti, kar kuma a huda ƙofar don sa wani kwaɗo. Tun 23 ga Janairu 2023 doka ta ce duk benen da ya wuce mita 11 sai an duba ƙofofin baranda da na matattakala duk wata uku, ƙofar filat kuma sau ɗaya a shekara, don haka in sun ƙwanƙwasa don wannan ki buɗe musu.

Maganar takalma kuwa na fahimce ki sosai, mu ba ma shiga ɗaki da takalmi, kuma filat ɗin ba fili. Amma baranda ita ce hanyar tsira ta kowa a hawan nan. Cikin hayaƙi mutum ko tafin hannunsa ba ya gani, da lalube yake tafiya yana bin bango, keken jariri guda ɗaya ya isa ya kada tsohuwa, kuma shi kansa keken soso ne da roba, in ya kama hayaƙinsa guba ne. Ba wai sun tsane ku ba ne, kowa ake rubuta wa. Ki sayi 'yar kantar takalma siririya ki sa ta ciki.

Yanzu abin da ya shafe mu mu kanmu, don takardun kansil ba za su faɗa miki wannan ba. Turaren wuta. Ba zan ce ki daina ba, amma na shiga gidaje da yawa na ɗaga kai na ga an sa wa ƙararrawar hayaƙi safa ko an ɗaure ta da leda, ko an cire batir, saboda duk lokacin da aka sa turare ko ake suya sai ta yi ta ihu. A sa safa da yamma a ce an jima za a cire, a manta, ta yi wata shida a haka. Mutanen da gobara ke kashewa cikin dare yawanci ba wuta ce ke taɓa su ba, hayaƙi ne ke riskarsu cikin barci, kuma hanci ba ya tada mai barci, ƙararrawar nan ce kaɗai. Tun 1 ga Oktoba 2022 dole ne kansil da ƙungiyoyin gidaje su sa ta a kowane hawa na gida, naki shi ne ki danna maɓallin gwaji ko sau ɗaya a wata, in ba ta yi ƙara ba ki sanar da su. In tana yawan tashi saboda girki ki ce su zo su duba wurin da aka kafa ta, na kicin daban ne, zafi yake ji ba hayaƙi ba. Turaren kuma ki nemi kaskon lantarki, in kuma sai da gawayi toh ƙwaya ɗaya, taga a buɗe, kasko a kan tayil nesa da labule da kafet, kar a sa shi ƙarƙashin kaya a fita, kuma ki kashe shi da ruwa kafin ki zuba a shara.

Gawayin yana da wata illar da ta fi wuta. Kin san yadda a gida ake wayar gari a ji iyali guda sun mutu saboda an shigar da janareta cikin gida an kwanta, toh iskar nan ce dai, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Gawayi na fitar da ita, shisha na fitar da ita, boila, wato na'urar da ke dafa ruwa tana ɗumama gida, in ta lalace ma haka. Gidajen nan kuma a toshe suke ruf saboda sanyi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma abin lura shi ne duk gidan ne ke ji tare, in an fita waje a ji sauƙi, in an dawo ya dawo. Kar ki tsaya shan panadol. Ku fita, ki kira lambar gaggawa ta gas 0800 111 999, ku je asibiti ku ce ana zargin wannan iskar. Dole ne kansil ta sa miki ƙararrawarta a ɗakin da boila take. Wutar kuka kuma shuɗiya ya kamata ta zama, in kin ga ta koma ruwan lemo tana lilo, ko baƙi na taruwa a jikin boila, ki kira su. Kuma duk sanyin da ake kar ki kunna kuka ko obin don ɗumama ɗaki.

Wannan ne ya kawo mu takardar gas. Dokar 1998 ta wajabta wa mai gida ya duba kayan gas duk wata 12, kuma sai injiniya mai rajistar Gas Safe, wato wanda hukuma ta tantance ya yi aikin gas, ya ba ki kwafin takardar cikin kwana 28. Ba kuɗinki ko sisi. In ranar ba ta yi miki ba ki kira a sauya, amma kar ki share, don in suka yi ta zuwa ba a buɗe ba kotu suke zuwa su karɓo izinin shiga kuma kuɗin kan iya dawowa kanki. In maigida ba ya nan kuma ba kya son namiji ya shigo kina ke kaɗai, ki faɗa musu tun a waya a sa lokacin da yake gida, ana yi. Duk wanda ya zo ki ce ya nuna kati, na gaskiya ba ya jin haushi, in ba ki yarda ba ki rufe ƙofa ki kira ofis da lambar da ke kan takardar hayarki ba wadda shi ya ba ki ba. In kuma kin ji warin gas, ki buɗe tagogi, kar ki taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, ki rufe gas daga wurin mita, ku fita, ki kira waccan lambar daga waje.

Tukunyar gas irin ta silinda kuwa kar ta shigo benen nan ko don girkin suna ko biki. A 1968 a wani bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan, gas ya fashe a hawa na 18, kusurwar benen gaba ɗaya ta rufta, mutum 4 suka mutu, tun daga nan ba a wasa da gas a dogon bene kuma kusan duk takardar haya ta hana ajiye silinda. Haka gashin nama a barandar waje ranar Sallah, a'a, ku nemi fili.

Suya. Ƙosai, cincin, fanke, musamman da azumi an gaji ana sauri, ko sahur an ɗora abu an ce bari in ɗan kishingiɗa. Mai kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kasko, in ya fara hayaƙi ki kashe ki bar shi ya huce, in waya ta yi ƙara ko yaro ya kira ki kashe kafin ki juya baya. In ya kama da wuta kar ki zuba ruwa, wallahi kofi ɗaya na ruwa sai wutar ta kai silin, kar kuma ki ɗauki kaskon ki ce za ki fita da shi. Ki kashe kuka in hannunki zai kai ba tare da kin ƙone ba, ki fita ki ja ƙofar kicin, ki kira 999. Ki lura da mayafi da hannun doguwar riga kusa da wuta.

Sai lantarki. Soket ɗin nan amf 13 yake ɗauka, wajen wat 3000, kuma butar shayi ita kaɗai ta kusa cinye wannan, don haka hita da buta da ayan da injin wanki kowanne bango kai tsaye, ba a jona su a doguwar waya ɗaya ba, ba a kuma jona doguwar waya a jikin wata. Filogi mai baki biyu da aka zo da shi daga gida ana cusa shi da ƙarfi da bakin makulli, a daina. Injin busar da kaya ki riƙa cire audugar da ke taruwa duk amfani kuma kar ki bar shi yana aiki ki fita ko ki kwanta, gobarar da aka yi a wani bene a Shepherd's Bush a 2016 daga irin wannan injin ta tashi. Amma wanda ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne keken lantarki da samarinmu ke aikin kai abinci da shi. Hukumar kashe gobara ta Landan ta ce a 2023 kusan duk kwana biyu sai sun fita gobarar batirin keke ko sikuta. Batirin nan ba ci yake a hankali ba, fashewa yake kamar an kunna bututun wuta, cikin daƙiƙoƙi ɗaki ya cika, kuma a ina ake cajinsa, a lungun bakin ƙofa, hanyar fita ɗaya tilo, cikin dare kowa na barci. Mafi yawan masu kamawa waɗanda aka haɗa da hannu ne, an sayi batir a intanet daban caja daban. In akwai mai shi a gidanku, caji da rana, ido na kai, a ɗakin da za a iya rufe ƙofarsa, da cajar da ta zo da shi, in batir ya kumbura ko yana zafi ko wari a fitar da shi.

Hawa na 9 da yara uku, tagogi. Akwai ɗan ƙarfen da ke hana taga buɗewa fiye da santimita 10, ki bi kowace taga yau ki gwada, wadda nata ya karye ki kira a matsayin gyaran gaggawa ki ce akwai ƙananan yara. Kar gado ko kujera su zauna ƙarƙashin taga, igiyar labule kuma a naɗe ta sama.

Toh fumfuna, a nan nake so ki buɗe kunne. Akwai yaro Awaab Ishak, iyayensa daga Sudan suka zo, suna zaune a filat ɗin wata ƙungiyar gidaje a Rochdale. Ya rasu a Disamba 2020 yana da shekara 2, kuma a Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar cewa daɗewar shaƙar fumfunar gidan ce ta kashe shi. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara tun shekaru kafin nan, aka ce ya shafe da fenti, aka kuma ɗora laifin kan yadda suke rayuwa, har da zaton wai irin wankan da suke yi ne ke jiƙa gidan, ba tare da an tambaye su ba. Duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci, don irin wannan amsar na ji an ba mutanenmu ba sau ɗaya ba, su kuma su sunkuyar da kai su tafi. Saboda yaron nan aka yi doka da sunansa, ta fara aiki 27 ga Oktoba 2025. Yanzu idan kin kai rahoton danshi da fumfuna mai haɗari, kwanakin aiki 10 gare su su bincika, su ba ki sakamako a rubuce cikin kwanakin aiki 3 bayan nan, su kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5, abin da ya zama na gaggawa kuma awa 24, in ba za su iya ba su nema muku wani wurin zama da kuɗinsu.

Akwai naki ɓangaren, ban ce babu ba. Girkinmu na daɗewa a wuta, ki rufe tukunya ki kunna fankar kicin, bayan wanka a bar fankar bayi ta yi aiki a rufe ƙofar, shanya a ɗaki ɗaya mai buɗaɗɗiyar taga ba a kan hita ba, ƙananan kafofin iska na saman taga kar a toshe su da tsumma, gado da kabad a ɗan janye su daga bangon waje, da safe ki goge raɓar gilashi. Amma ko kin yi duk wannan ko ba ki yi ba ki kai rahoto yau, kuma a rubuce. Ki ɗauki hoto, ki tura imel, ki faɗi shekarun yaran da ko wani na tari ko asma, ki nemi lambar rahoto ki ajiye. In kin yi waya ki bi da imel ki ce na kira ranar kaza ƙarfe kaza. Maganar baki a nan ƙasar iska ce, takarda ita ce shaida. In yaro na tari ki kai shi wurin likita ki ambaci fumfunar don ta shiga fayil. In sun yi shiru ki shigar da ƙorafi a hukumance, mataki na farko kwanakin aiki 10 gare su su amsa bayan sun karɓa, na biyu 20, daga nan sai ofishin Housing Ombudsman mai sauraron koken 'yan haya, kyauta ne ba sai da lauya ba. Abu ɗaya, kar ki daina biyan haya don fushi, wannan zai juya maganar ta koma kanki. Na san tsoron da ake ji, kar a ƙwace gida, musamman da yake sabon ɗan haya kansil kan sa shi shekarar gwaji ta wata 12. Abin da ke jawo matsala a shekarar nan bashin haya ne da damun maƙwabta da hana su shiga duba gas, ba neman gyara ba. Neman gyara ma takardar hayarki ce ta ce ki yi.

Shi kuma Yaya, ki gaishe shi ki ce masa filat ya saya bai sayi bene ba. Tsarin sayen gidan kansil da aka fara a 1980 zamanin Margaret Thatcher, in filat ne lis ake ba mutum, wato takardar riƙe filat na dogon lokaci, yawanci na shekara 125, ginin kansa yana hannun kansil. Ƙofar shiga ko lis ɗinsa ya ce tasa ce, ba shi da ikon sa wadda ya ga dama, sai mai shaidar riƙe wuta minti 30 da ƙarfen rufewa, kuma sai da izininsu a rubuce, in ba haka ba za su sa shi ya cire da kuɗinsa. Ƙyauren ƙarfe da ake ƙarawa a gaba kuwa ni ina hana mutane da babbar murya, don ɓarawon da yake tsoro bai kai haɗarin ya tsaya neman makulli cikin hayaƙi ba, su kuma 'yan kwana-kwana sai sun tsaya yanka ƙarfe kafin su kai gare shi. Ya sa kwaɗo mai kyau wanda ake murɗawa da hannu daga ciki ba sai da makulli ba. Haka fasa bango don faɗaɗa falo, ko huda silin don ƙananan fitilu, ko huda bango a ja waya a bar ramin, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, hayaƙi ma haka, kuma ba shi kaɗai zai shafa ba har na sama da shi. In benen kafin shekarar 2000 aka gina shi akwai yiwuwar asbestos, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, a silin ko tayil ɗin ƙasa, ba ya cutarwa in ba a taɓa shi ba, amma kafin a huda ko a kankare a tambayi kansil, ke ma wannan ya shafe ki.

Babban abin da masu lis ke mantawa shi ne ba wanda zai zo ya duba masa boila. Ke kansil ke bin ki, shi kuwa shi zai nemo injiniyan Gas Safe duk shekara ya biya, shi zai sayi ƙararrawar hayaƙi da ta kabon. In kuma ya ba da filat ɗin haya ya zama mai gida a idon doka, duk wajibcin nan ya hau kansa. In za a yi babban aiki a benen da kasonsa zai wuce fam 250 dole su tuntuɓe shi a rubuce tukuna, kar ya jefar da takardar. Kuɗin cire falankan nan masu haɗari kuma dokar tsaron gine-gine ta 2022 ta kare masu lis da suka cika sharuɗɗa a benen da ya wuce mita 11 ko ya kai hawa 5, don haka in aka kawo masa irin wannan bil ɗin ya nemi shawara kafin ya biya.

Ku biyun duka, inshorar kansil gini ta rufe ba kayanku ba, in ruwa ya zubo daga sama ya lalata kafet da talabijin ba mai biyanku, akwai inshorar kayan ɗaki mai sauƙi da ake biya mako-mako, ki tambayi jami'in gidajenku. In kun tafi gida dogon hutu ko Umara, da kun dawo ki buɗe famfuna da shawa su zuba na wasu mintoci taga a buɗe kafin a yi wanka, ruwan da ya kwanta a bututu na tara ƙwayar cutar da ke kama huhu. In Hajiya ko wani mai lalurar tafiya zai zo ya zauna da ku, ki sanar da kansil don a san da shi idan ta ɓaci. Kuma 'yan kwana-kwana na zuwa gida kyauta su duba su ba da shawara, ki nema a shafin hukumar yankinku.

Yau da daddare kafin ku kwanta ki buɗe ƙofar filat rabi ki sake ta, ya kamata ta rufu da kanta har ki ji ƙarar kwaɗon ya shiga, in ta tsaya a hanya ki tura musu imel gobe da safe. Makulli ya samu wuri ɗaya kusa da ƙofa da kowa ya sani. Ranar Asabar kuma ki riƙe hannun yaran ku sauka ta matattakala tun daga hawa na 9 har waje, su ƙirga ƙofa nawa ce tsakanin taku da ta matattakalar, ki nuna musu inda za ku haɗu a waje, babban kuma ki koya masa lambar filat da sunan benen da Turanci yadda zai iya faɗa a waya. Allah Ya tsare mana ku, Ya sanya albarka a sabon gida.